Ruwan Zafi Daga Kan Rufi: Ziyara Zuwa Karkarar Shandong

A gabashin ƙasar Sin, a gaɓar tekun da ake kira Rawayan Teku, akwai wani birni mai suna Rizhao. Ma'anar sunan a harshensu ita ce hasken rana, domin mutanen dā sun ɗauke shi a cikin wuraren da rana ke fara haskawa idan ta ɓullo. Yana cikin lardin Shandong, mahaifar masanin falsafa Confucius, lardin da yawan jama'arsa ya haura miliyan 100. Rizhao da gundumomin da ke ƙarƙashinsa suna da mutane kusan miliyan 3. Yana da babbar tashar jiragen ruwa da ake sauke ƙarfe da kwal, kuma an san shi da noman koren shayi. Sai dai abin da ya fitar da sunansa a duniya wani al'amari ne da manyan masana ba su cika ɓata tawada a kansa ba, wato yadda talakansa ke samun ruwan wanka mai zafi.

Wani taron ƙara wa juna sani ne ya kai ni birnin Qingdao a ƙarshen watan Nuwamba. Bayan an tashi, sai wani malamin jami'a ɗan ƙasar, wanda muka daɗe muna musayar wasiƙu kan aikin bincike, ya gayyace ni ƙauyen iyayensa a gundumar Wulian, cikin tsaunukan arewacin Rizhao. Muka shiga jirgin ƙasa mai sauri muka nufi kudu. Ta taga ana hango gonakin alkamar hunturu, ta tsiro kore shar a kan ƙasa mai sanyi, da dogayen rumfunan leda inda ake noman kayan lambu. Duk ƙauyen da muka gifta, ido ba ya rasa abu guda a kan rufin gidaje: farin tanki kwance kamar ganga, da jerin baƙaƙen bututu sun gangaro daga cikinsa suna fuskantar kudu. Wani wuri gida biyu cikin uku, wani wuri kusan kowane gida.

Ƙauyen yana kwance a gindin tudu. Gidajen na jan bulo ne, kowanne da tsakar gida da katanga da babbar ƙofar ƙarfe, kuma ɗakunan kwana duk sun juya fuska kudu don su sha ranar hunturu. An tara masara cikin ragar waya a tsakar gida, ga buhunan gyaɗa jingine da bango, abin da ya tuna mini cewa Shandong na cikin manyan wuraren noman gyaɗa a Sin, kamar yadda Kano ta kasance zamanin dalar gyaɗa. Yawancin waɗanda muka tarar tsofaffi ne da jikoki, domin matasa sun tafi ci-rani birane. Abokina ya gaida mahaifinsa da "Baba", mahaifiyarsa da "Mama", don haka suke faɗa a harshensu, su kuma suka riƙa kirana "Laoshi", ma'ana malam. Da yake an sanar da su abin da nake ci da wanda ba na ci, sai suka tarbe ni da kifi da ganye da wata siririyar waina ta garin hatsi mai faɗin faifai.

A ɗakin da muka ci abinci akwai wani dakalin bulo mai faɗi wanda ya cinye kusan rabin ɗakin. Sunansa kang. A kansa ake kwana, a kansa ake hira, kuma cikinsa rami ne da hayaƙin murhu ke ratsawa kafin ya fita ta bututun hayaƙi, sai dakalin ya ɗauki ɗumi har asuba. Murhun yana ɗakin da ke maƙwabtaka, an girka masa wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai faɗin baki. Dattijon gidan ya bayyana mini, ɗansa na fassarawa, cewa a wannan tukunya ake dafa abinci, a cikinta kuma ake dafa ruwan wanka tun zamanin kakanninsa, da karan masara da totuwa da ƙiraren da aka tsinto a tudu. Idan hunturu ya kankama, ruwa ya daskare a randa, wanka yakan zama aikin da sai an shirya masa. Mutum kan yi makonni yana goge jiki da tsumma, sai gab da bikin sabuwar shekararsu a ɗunguma zuwa gidan wanka na kuɗi a garin da ake cin kasuwa.

Washegari da hantsi muka hau tsani zuwa rufin ɗakin ajiya, wanda aka yi shi shafaffe da kankare don shanya hatsi. A nan aka kafa na'urar. Tankin yana cin lita 150, an naɗe cikinsa da soso mai hana zafi fita, sannan aka rufe da farin ƙarfe. Bututun gilashi 18 ne suka shige cikinsa daga ƙasa, kowanne tsawonsa mita 1.8, kaurinsa bai kai na kwalbar lemo ba. Iska na kaɗawa mai yanka kunne, ruwan da ya kwana a bokiti a tsakar gida ya yi ɓawon ƙanƙara. Na taɓa bututun na ji shi sanyi ƙalau. Da muka sauko aka buɗe famfon banɗaki, bayan ruwan da ya kwana a bututu ya wuce, sai ga tururi na tashi, har sai da aka surka kafin hannu ya iya jurewa.

Sirrin abin yana cikin fulas ɗin shayin da kowane gidan Bahaushe ya sani. Kowane bututu gilashi biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu ƙaf. An shafe bayan na ciki da wani baƙin sinadari mai kama hasken rana ya mayar da shi zafi, ba ya kuma barin zafin ya koma waje da sauƙi. Da yake babu iska a tsakani, sanyin waje ba shi da hanyar da zai sace zafin, shi ya sa gilashin waje ke zama da sanyi alhali ruwan ciki na neman tafasa. Ruwa kuwa idan ya ɗumama yakan yi sauƙi ya taso sama, mai sanyi ya nutse ƙasa. Saboda haka ruwan da ya yi zafi a bututu sai ya hau zuwa tanki, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, haka za a yi ta juyi tun fitowar rana har faɗuwarta. Babu inji, babu waya, babu mai, babu abin da ke motsi balle ya ci kansa.

Tunanin ɗumama ruwa da rana ya girmi Sin ta zamani. Tun 1891 wani Ba'amurke mai suna Clarence Kemp ya yi rajistar irin wannan na'ura a Baltimore, kuma a 1980 Isra'ila ta wajabta sanya ta a sababbin gidaje. Gudummawar Sinawa ita ce karya farashi. A 1984 Farfesa Yin Zhiqiang na Jami'ar Tsinghua da ke Beijin ya samar da hanyar shafa wa gilashi wannan baƙin sinadari mai inganci cikin sauƙin kuɗi, abin da ya buɗe ƙofar ƙera bututun da miliyoyi. A 1995 Huang Ming, wanda a dā injiniya ne a fannin haƙar man fetur, ya kafa kamfanin Himin a birnin Dezhou na wannan lardi na Shandong, ya riƙa yawo gari-gari yana nuna wa jama'a yadda abin ke aiki. A 2011 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a Siwidin. Yau fiye da kashi biyu cikin uku na na'urorin ɗumama ruwa da rana da ke duniya a Sin suke.

Hukumomin Rizhao sun shiga lamarin da wuri. Sun wajabta wa masu sababbin gine-gine su tanadi na'urar, kuma aka fara da gine-ginen gwamnati da gidajen shugabanni domin jama'a su gani. Kuɗin da lardi ya zuba ya fi tafiya wajen taimaka wa masana'antu su inganta kaya su rage tsada, har farashin na'ura guda ya sauko zuwa kimanin dala 190, daidai da kuɗin hitar lantarki a lokacin. Zuwa 2007, shekarar da birnin ya karɓi lambar yabo ta makamashi mai tsabta a Basel ta ƙasar Siwizalan, kashi 99 cikin 100 na gidajen tsakiyar birni suna wanka da ruwan rana. A ƙauyuka da kewayen birni kuwa adadin ya ɗan haura kashi 30 ne kawai. Wannan tazara ita ce ta fi jan hankalina, domin rana ɗaya ce ke haska birni da ƙauye.

Dalilan tazarar a bayyane suke ga duk wanda ya san zaman karkara. Kuɗin da ma'aikacin birni zai fitar ba tare da ya ji a jikinsa ba, ga manomi babban kaso ne na abin da ya samu a shekara, kuma a dunƙule ake biyansa. Na biyu, karan da yake ƙonawa kyauta yake samu a gonarsa, don haka ba ya ganin wani kuɗi da na'urar za ta cece masa. Na uku, na'urar na buƙatar ruwan famfo da zai hau rufi, da ɗakin wanka mai magudana, kuma gidaje da yawa ba su da ko ɗaya. Dattijon ya ce sai da aka jawo wa ƙauyen ruwan famfo tukuna mutane suka fara sauraron dillalan da ke zuwa ranar kasuwa da na'ura a bayan mota, suna cika ta da ruwa da safe, su dafa ƙwai da ruwan da rana tsaka a gaban jama'a. Gani ya kori ji.

Sai kuma gwamnatin tsakiya ta kawo nata tallafin. A ƙarshen 2007 ta fara gwajin wani shiri na kai kayan amfanin gida karkara a lardunan Shandong da Henan da Sichuan, inda ake mayar wa manomi kashi 13 cikin 100 na kuɗin abin da ya saya. A 2009 aka faɗaɗa shi zuwa duk ƙasa, aka kuma shigar da na'urorin ɗumama ruwa cikin jerin kayan. A wannan tsakani ne iyayen abokina suka sayi tasu, da kuɗin da ya aiko musu daga albashinsa. Uwar gidan ta ƙara mini da wani bayani da ba a samunsa a takardun gwamnati: an kai lokacin da iyayen yarinya kan leƙa rufin gidan mai neman aurenta kafin su ba da amsa, kuma na'urar ta shiga sahun kayan da ake tanada wa amarya tare da firji da talabijin. Abin da ya shiga kayan aure kuwa, ko a wace ƙasa, ya gama samun gindin zama.

Na tambaye ta abin da ya fi sauyawa a rayuwarta. Sai ta miƙo mini hannuwanta. Ta ce shekara da shekaru, da zarar sanyi ya shigo, fatar yatsunta kan tsage saboda wanke-wanke da wanki da ruwan ƙanƙara, domin ba a ɓarnar kara wajen ɗumama ruwan wanke kwano. Yanzu famfo take murɗawa. Surukarta, wadda ta rasu tana da shekaru fiye da 90, ta yi shekarunta na ƙarshe ana yi mata wanka sau biyu a mako ko a tsakiyar hunturu, abin da a dā ba ya yiwuwa. Jikoki da ke zuwa hutu daga birni sun daina ƙorafin komawa gida da wuri. Mijin ya fi ba da ƙarfi ga lissafin kara da kwal, ita kuwa lokaci da lafiyar jiki ta lissafa, kuma a ganina lissafinta ya fi nauyi, domin aikin hura wuta da ɗaukar ruwan zafi a kanta yake tun ranar da aka kawo ta gidan.

Duk da haka, kada mai karatu ya ɗauka babu aibu. Da muka zaga ƙauyen da yamma na ga na'urori da dama da suka mutu a kan rufi, tanki ya yi tsatsa, bututu biyu ko uku sun fashe, ba wanda ya damu ya sauke su. Matsalolin sanannu ne. A daren da sanyi ya tsananta, bututun roba da ke kai ruwa daga rufi zuwa banɗaki kan daskare ya tsage, sai an naɗe shi da soso ko an tsiyaye shi kafin a kwanta. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri kan bar farin dutse a cikin gilashi, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi, ya rage zafi. Idan tanki ya ƙafe rana ta gasa bututun, aka sako ruwan sanyi farat ɗaya, gilashin kan tarwatse. Kwana uku na hadari a jere kuma kan bar gida da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Mafi muni, lokacin da kasuwa ta buɗe, ƙananan masana'antu barkatai sun cika karkara da kaya marasa inganci, suka sayar suka ɓace, ba mai gyara, ba kayan gyara. Araha ba ta ado.

Shirin tallafin ya ƙare gaba ɗaya a farkon 2013, kuma daga shekarar da ta biyo baya cinikin na'urorin ya riƙa raguwa a Sin. Jama'a na ƙaura zuwa dogayen benaye inda rufi ɗaya ba zai ishi gidaje talatin ba, ga kuma sabon abokin gasa. Ƙanin abokina, wanda ya gina sabon gida a bakin hanya, ya nuna mini tasa na'urar: akwati mai fanka kamar na iyakwandishan, haɗe da tanki a tsaye. Aikinta irin na firji ne amma a juye, tana zuƙo zafin da ke cikin iskar waje ta tura shi cikin ruwa. Da yunit ɗaya na lantarki takan ba da zafin da hitar gargajiya za ta ci yunit uku ko fiye kafin ta bayar, kuma ba ruwanta da hadari ko dare. Sharaɗinta ɗaya ne, wutar da ba ta ɗaukewa. Ya ce tun da ya tare a gidan bai tuna ranar da aka ɗauke wuta ba. Na yi shiru ina tuna ƙauyukanmu.

Akwai wani darasi daga arewacin Sin da ya kamata a ajiye kusa. A hunturun 2017 hukumomi sun matsa wa ƙauyukan da ke kewaye da Beijin su daina ƙona kwal su koma gas da lantarki domin rage gurɓatar iska. Manufar mai kyau ce, amma an yi gaggawa: an ƙwace murhu a wurare da dama kafin bututun gas ya iso, gas ɗin ma ya yi ƙaranci, mutane suka kwana cikin sanyi, har a watan Disamba gwamnati ta ba da umarnin a bar waɗanda ba a kammala wa aiki ba su koma ga kwal. A gidan da na sauka ba wanda ya rushe kang ko ya fasa tukunyar ƙarfe. Na'urar rana ta zo ta rage musu nauyi, tsohon murhu na nan don ranar da gari ya lumshe. Sauyin da ya ɗore shi ne wanda ya bar wa mutane madogara.

Bari mu yi ɗan lissafi, don a san girman abin da ake magana a kai. Ɗaga zafin lita 150 na ruwa da digiri 40, misali daga 15 zuwa 55, yana cin makamashi kimanin yunit 7 na mitar lantarki. Idan da itace za a yi wannan aiki a murhu mai duwatsu uku, wanda kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kaɗai na zafinsa ke shiga tukunya, sauran ya bi iska, za a ƙona busasshen itace tsakanin kilo 10 zuwa 16. Wannan na rana ɗaya ke nan. A ninka shi da kwanakin sanyi, a ninka da yawan gidajen gari guda, sai a ga daji na tafiya a kan jakuna da a-kori-kura.

A nan ne tunanina ya dawo gida. Mu mutanen ƙasar zafi ne, amma muna cikin masu yawan dafa ruwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauko, babu gidan da ba a ɗora tukunyar ruwan wanka da asuba, na yara masu tafiya makaranta, na tsofaffi, na alwala. A Jos da tsaunin Mambila kuwa abin kusan na duk shekara ne. Sannan ga wankan jego. Sinawa ma suna da tasu al'adar zaman wata guda bayan haihuwa, inda a gargajiyance mai jego ke guje wa iska da ruwan sanyi har ma da wanka, tana kwance a kan kang mai ɗumi, kamar yadda kakanninmu mata ke kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Mu kuwa tamu al'adar ta ruwa ce: kwana arba'in ana tafasa garwa safe da yamma, da ganyen darbejiya ko na tsamiya, kuma tun ciki na wata bakwai maigida ke fara tara itacen jego. Duk wanda ya taɓa sayen wannan itace ya san abin da yake ci.

Itacen nan daga wani wuri yake fitowa. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ko ta Sakkwato zuwa Illela ya ga yadda gonaki suka yi fayau, kuma ya ga tulin itace da buhunan gawayi a bakin titi. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa don tare hamada, ana ta dashe, amma dashe ba zai cim ma sara ba muddin buƙatar wuta na nan yadda take. Ga kuma hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga murhun itace da gawayi da kwal take, tana kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙa. Gaskiya ne girki ya fi wanka cin itace, kuma tankin rana ba zai tuƙa tuwo ba. Amma ruwan zafi shi ne kason da ya fi sauƙin cirewa daga kan murhu, domin ba ya buƙatar a sauya ɗanɗanon abinci ko hannun mai girki.

Ta fuskar rana, mun fi Shandong nesa ba kusa ba. Rizhao na kan digiri 35 arewa da tsakiyar duniya, Kano na kan 12. Kowace murabba'in mita a arewacin Najeriya da kudancin Nijar na samun hasken da ya kai kimanin yunit 6 a rana, nasu kuwa wajen 4 ne. Ruwanmu ba ya daskarewa a bututu, don haka ko na'ura mai sauƙi, ta faranti baƙi da bututun tagulla a cikin akwatin gilashi, za ta wadatar. Sai dai muna da namu cikas. Lokacin da muka fi buƙatar ruwan zafi shi ne lokacin da hazo ke rufe rana, ƙura kuma ta lulluɓe gilashi. Hazo na rage zafin da ake samu, ko da yake ba ya kashe shi, don haka dole a auna girman na'ura da watan Janairu, a kuma riƙa goge gilashin kamar yadda ake share tsakar gida. Da bazara kuma matsalar takan juye, ruwa ya yi zafin da zai sale fatar yaro, sai an rufe wani sashe na gilashin, an kuma koya wa kowa surkawa.

Sauran cikas ɗin irin na ƙauyen Wulian ne kafin a kawo musu famfo. Mafi yawan gidajen karkararmu da guga da jarka ake kawo ruwa, kuma rufin soro na azara ko na kwano ba zai ɗauki tankin da nauyinsa ya haura kilo 200 idan ya cika ba. Maganin wannan yana hannun mai walda: a kafa na'urar a kan ƙafafun ƙarfe ko dakali a tsakar gida, inda inuwa ba ta kaiwa, da mazubi a sama da za a cika da bokiti bayan an kwashi na safe, kafin rana ta yi zafi. Ilimin ma ba baƙo ba ne. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa tun farkon shekarun 1980, ta daɗe da ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na girki da na busar da amfanin gona masu aiki da rana. Abin da ya rage shi ne hanyar da za ta ɗauke su daga harabar jami'a zuwa rumfar maƙeran Ƙofar Ruwa, kuma wannan aiki ne da ya rataya a wuyan mu malaman jami'a da gwamnatocin jihohi tare.

Inda ya fi dacewa a fara shi ne inda ake dafa ruwa da yawa a wuri ɗaya. Ɗakin haihuwa na asibitin karkara yana buƙatar ruwan zafi dare da rana. Makarantun kwana na 'yan mata da na maza, da tsangayu, suna da ɗaruruwan yara da ke wanka da ruwan sanyi a Janairu ko su bar wankan, ƙazuwa da makero su biyo baya. Irin waɗannan wurare galibi suna da rijiyar burtsatse da tankin sama, wato rabin aikin ya kammala. Idan matar ƙauye ta haihu a asibiti ta yi wankan farko da ruwan da ba a hura masa wuta ba, ta ga abin da idonta, kuma ita za ta kai labarin gida. Game da kuɗi, Tunisiya ta nuna wata hanya tun 2005 da shirinta na PROSOL, inda ake ba magidanci rangwame da bashin banki, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan ta cikin takardar kuɗin wuta har shekara biyar. Ƙauyukanmu da yawa ba su da takardar wuta, amma suna da adashi da ƙungiyoyin manoma da lokacin kaka, kuma za a iya ɗora biyan a kansu.

Abu biyu ne za su yanke hukunci kan ko tankunan za su yi shekara goma sha biyar suna aiki ko za su zama tarkace irin waɗanda na gani a wasu rufin Wulian. Na farko, hukumar kula da ingancin kaya ta tsaya a kan abin da ake shigowa da shi da wanda ake ƙerawa a gida, kafin kasuwa ta cika da na jabu jama'a su yanke ƙauna, kamar yadda ya faru da fitilun sola na kan titi da ke tsaye a mace a garuruwa da dama. Na biyu, a horar da masu gyaran famfo da masu walda a kwalejojin fasaha, ta yadda kowace ƙaramar hukuma za ta sami wanda zai sauya fasasshen gilashi ko ya toshe yoyo, da shagon da zai sayi kayan. Jihar da ta ware kuɗin asibitocin haihuwa ashirin da makarantun kwana goma a kasafin baɗi, ta auna itacen da suke saya kafin a kafa na'ura da bayan an kafa, ta kuma buga sakamakon kowa ya gani, za ta ba sauran jihohi hujjar da za su yi aiki da ita kafin wani hunturun ya zagayo.